Ranar da Fara ta Shiga Ajin Ingilishi

A wata makarantar lise ta Damagaram an yi wani malamin Ingilishi wanda yara ke kira Tica, kamar yadda suke kiran duk mai koyar da wannan harshe. A shekarar 2004 ya riga ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe da alli. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne wani kaye mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. Tun yana ɗalibi a jami'ar Yamai ya jera kalmomin nazarin adabi a cikinsa: metafo, simili, aironi, simbol, da sauran danginsu, kowace da ma'anarta cikin layi biyu da misali guda. Duk shekara, da an komo hutu a watan Oktoba, sai ya kwafe su a allo, ƴan ajin ƙarshe na sashen adabi su kwafe a kayensu, su haddace. Ranar gwaji su mayar masa da abinsa ba ragi ba ƙari. Shi ya ba da maki, su su karɓa, kowa ya kama gabansa.

Ba lalaci ne ya kai shi ga haka ba. Ɗalibin da ke zaune gabansa ya tashi da Hausa, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Buzanci. Ya shiga firamare ya haɗu da Faransanci. Ingilishi kuwa sai a ajin farko na kolej, ƴan sa'o'i kaɗan a mako. Ga aji cike maƙil, ga littattafai babu, ga jarrabawar bakaloreya na jira a ƙarshen shekara. Cikin irin wannan hali hadda mafaka ce ga malami da ɗalibi baki ɗaya. Yana kuma da doka guda wadda kowa ya sani: ba a Hausa a ajinsa. Hujjarsa ita ce, in ban da waɗannan sa'o'i, yaran ba su da inda za su ji Ingilishi, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Duk da haka mutum ne mai son littafi. Yana da kwafe ɗaya na Things Fall Apart, ƙagaggen labarin Chinua Achebe da aka fara bugawa a Landan a 1958, wanda ya sayo a wata tafiya da ya yi Kano. Daga aljihunsa yake biyan kuɗin fotokopi na ƴan shafuka, ɗalibai uku su haɗa kai bisa takarda guda. A watan Nuwamba na 2004 suka iso babi na bakwai, inda fara ta sauka a Umuofia, garin Ibo da labarin ke gudana. Da farko ƴar tawaga ce ta zo, kamar mai leƙen ƙasa, sa'an nan babban gungu ya rufe sama, har rassan itatuwa na karyewa don nauyi. Mutanen gari suka yi ta murna. Da dare, bayan raɓa ta jiƙa fikafikanta, suka fita suka kamo ta, suka gasa, suka shanya, suka riƙa ci da manja.

Malamin ya rubuta kalmar simbol a allo, ya ja mata layi, ya tambaya da Ingilishi ko fara alamar mene ce a wannan labari. Wata yarinya ta layin gaba, wadda ba ta taɓa faɗuwa gwaji ba, ta ɗaga hannu ta ce alamar Turawan mulkin mallaka ce. Ta ma kawo shaida: a babi na goma sha biyar, sa'ad da Obierika ke ba abokinsa Okonkwo labarin garin Abame, ya ce abin bautar garin ya kira baƙin da ke tafe da sunan fara, Baturen farko da ya zo bisa keke kuwa shi ne mai leƙen ƙasarsu. Amsar ta yi daidai da abin da ke cikin baƙin kaye. Malamin ya yaba, ya juya zai rubuta a allo, darasi ya kusa ƙarewa kamar yadda ya saba ƙarewa kowace shekara.

Sai wani yaro ya miƙe daga can baya. Ɗan Damargu ne, daga wani ƙauye na wajen Tanut, yana zaune a gidan wani ɗan'uwan mahaifinsa a cikin Birni. Ba mai yawan magana ba ne, Ingilishinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Bai ce Tica ba. Cewa ya yi:

"Malam, a gafarce ni, wannan ba ni iya faɗinta da Ingilishi. Fara ba alamar komi ba ce, fara fara ce. Bana hatsinmu ya fid da kai, ta sauka a gonarmu da la'asar. Da gari ya waye sai kara tsaye. Waɗannan mutanen na littafi da suke murna, ai don sun riga sun kai amfaninsu rumbu ne."

Aji ya yi tsit. Kowa ya san abin da yaron ke faɗi, domin a daminar 2004 fara da fari sun haɗu a kan ƙasar: gungun farin dango sun bi ta arewacin yankunan noma, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Kowa kuma ya san an karya doka, ana jiran a ga hukunci.

Malamin na tsaye da alli a hannu, idonsa a kan kalmar da ya ja wa layi. Da lafazin Faransanci ana kiranta sambol, kuma da wannan lafazi ya fara saninta, tun bai san akwai wani abu wai shi adabi ba. A firamaren ƙauyensu, a farkon shekarun 1970, sambol wani ƙashin akuya ne da aka zura wa igiya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa a harabar makaranta sai a rataya masa shi a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan bulala. Al'ada ce da makarantun mulkin mallakar Faransa suka bari, ta kuma daɗe bayan samun ƴancin kai a 1960. Shi kansa ya sha rataya wannan ƙashi. Shekara da shekaru yana rubuta kalmar a allo, bai taɓa haɗa ta da igiyar nan ba sai ran nan.

Ya aje alli, ya ce da Hausa: "Ci gaba, muna jinka." Shi ne karo na farko da ɗalibansa suka ji Hausa daga bakinsa a cikin aji.

Yaron bai da sauran magana, ya zauna. Amma malamin ya sa aka koma farkon shafi aka sake karantawa a hankali, sai ga shi kuwa a rubuce: fara ta zo Umuofia ne cikin sanyin hunturu, bayan an gama girbi. Ya karanta wannan wuri ya fi a ƙirga, idonsa bai taɓa tsayawa a kai ba, domin shi abin da yake nema a shafin shi ne simbol, da ya same shi kuwa sai ya wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya ce fara ba alama ba ce, shi ne ya nuna yadda alamar ke aiki. Mutanen Umuofia suna murna ne don suna zaton ba su da abin da za su rasa. Achebe bai bar su cikin wannan zato ba ko na shafi guda: Okonkwo na zaune yana cin farar nan tare da ɗansa Nwoye da Ikemefuna, yaron da ya yi shekara uku a gidansa yana kiransa uba, sai dattijo Ezeudu ya shigo ya gaya masa gari ya yanke a kashe yaron.

Daga nan hira ta ɓarke, rabi Ingilishi rabi Hausa. Wata ta ce ai fara abinci ce kuma masifa ce, ana sayar da ita soyayya a bakin kasuwa, ita ce kuma ke sa a ƙaura daga gari. Malamin ya tuna musu cewa baƙin da suka zo Umuofia ma haka suke: sun kawo kanti da ya sa manja ya yi daraja, sun gina makaranta da ƙaramin asibiti, sun kuma kawo kotu da kurkuku da suka karya dattawan gari. In da marubucin na son alamar mugunta zalla, da maciji ko kunama ya ɗauko. Ya zaɓi abin da ake yi wa maraba da kwando. Wanda ya haddace cewa fara na nufin Turawa ya sami maki, amma ya yar da wannan duka.

Wani yaro ɗan Zango ya ce labarin Abame ai labarin Damagaram ne. Kyaftin Kazmaju ya fara zuwa, aka kashe shi a nan a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sai ga runduna, aka gwabza a Tirmini, garin ya faɗa hannun Faransa. Malamin ya ce to, wannan dabara ta marubuci, ta nuna ƙaramin abu a babi na bakwai wanda babbansa ke tafe a babi na goma sha biyar, tana da suna a Ingilishi, ma'anarsa inuwar da ke riga mai ita isowa. Kafin ya rufe baki wata ta ce: "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta." Aka yi dariya. Ya rubuta kalmar Ingilishin a allo, kuma daga ranar babu wanda ya sake tambayarsa ma'anarta.

Cikin makonnin da suka biyo baya ya shiga bin asalin kalmomin kayensa. Yawancinsu ashe ba na Ingilishi ba ne, aro ne daga Girkanci. Metafo, wadda Aristotal ya yi bayaninta tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ma'anarta ta asali ɗaukar abu daga nan zuwa can. Har yau a ƙasar Girka da wannan kalma ake kiran harkar dakon kaya. Abokin aikinsa mai koyar da Larabci ya ce su a ilmin balaga suna kiranta isti'ara, wato aro: a aro sunan zaki a ba jarumi, kuma Abdulƙahir al-Jurjani ya yi mata dogon sharhi tun ƙarni na goma sha ɗaya. A jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato kuwa masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo sun tsara wa Hausa nata kalmomi: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, alamtarwa, kambamar zulaƙe. Bagirke ya ce dako, Balarabe ya ce aro, Bahaushe ya ce siffantawa. Kowannensu sai da ya ji abin a bakin mawaƙansa ya ƙoshi, kana ya nema masa suna. Ba a yanka ragon suna sai an haihu, an kuma yi kwana bakwai. Shi kuwa shekara goma sha biyar yana raba wa yara sunaye, jariri ko ɗaya ba su gani ba.

Sai ya juya tsarin darasinsa. Kowace kalma, a fara da abin kansa, daga inda yaran suka san shi. Kafin metafo, a tambayi me marokan fada ke nufi in sun kira sarki giwa, kuma me ya bambanta wannan da a ce yana da ƙarfi kamar giwa. Yaran da suka tashi suna jin Ma'azu Ɗan Alalo ba su bukatar a koya musu wannan bambanci. Sun san kalmar "kamar" tana rage wa yabo nauyi, shi ya sa kirari ba ya son ta. Kafin kambamawa, a tuna yadda Ɗan Anace ke wasa ƴan dambe. Bayan haka a koma ga shafin Ingilishi a nemo irin abin a can. Suna shi ne na ƙarshe.

Aikin bai tafi sumul ba, kuma inda ya yi gardama nan ne ya fi amfani. Da aka zo kan aironi, yara suka ce habaici ne, malamin ma ya kusa yarda. Amma habaici yana da mai jifa da wanda ake jifa: mace na zagin kaza a tsakar gida, kishiya na ɗaki tana jin saƙonta. Wata ɗaliba ta ce to gatse ne, irin na uwar da ɗanta ya fasa ƙwarya ta ce masa ya kyauta, ya je ya fasa ɗayar. Wannan ya dace da kashi ɗaya na aironi, inda baki ke faɗin kishiyar abin da ke zuci. Sai dai ƙarshen littafin Achebe ba gatse ba ne, ba habaici ba. A can Baturen mulki ya ga gawar Okonkwo, ya tafi yana tunanin littafin da zai rubuta, yana auna cewa labarin mutumin nan zai iya cika sakin layi guda. Shi bai san ya tona kansa ba. Mai karatu, wanda ya yi babi ashirin da biyar tare da Okonkwo, shi ya sani. Wani yaro ya ce wannan sai dai a tatsuniya, inda yara masu saurare sun san dabarar Gizo, Kura kuwa na ta tafiya ba ta sani ba. Suka gane cewa inda Ingilishi ya tara abubuwa da yawa ƙarƙashin kalma ɗaya, Hausa ta raba gatse daban, habaici daban, shaguɓe daban, zambo daban. A wasu wurare kuwa, kamar rarrabe mai ba da labari na ciki da na waje a ƙagaggen labari, Ingilishi ne ya fi tanadin kalmomi, domin ya daɗe yana nazarin irin wannan rubutu. Kalmomin harsuna biyu ba sa hawa kan juna daidai kamar faifai da bakin ƙwarya, kuma nuna wa ɗalibi inda suka saɓa darasi ne mai zaman kansa.

Wasu abokan aiki ba su ji daɗin abin ba. Suka ce sa'o'in Ingilishi kaɗan ne, bakaloreya kuma ba ta ba da maki don kirari. Maganarsu na bisa hanya, shi ya sa bai soke dokarsa gaba ɗaya ba, gyara ta ya yi. Minti biyar na farko kowa na iya kawo misali da harshen gidansu, Hausa ko wani, amma duk abin da aka faɗa sai an maido shi Ingilishi a rubuce kafin a tashi. Abin da ya lura shi ne, yaran da a da ba su wuce layi biyu sun fara cika shafi, da kurakurai barkatai, domin yanzu suna da abin da suke son faɗi. Gyaran kuskure a shafin da ke da magana ya fi masa sauƙi bisa yabon layi biyu da aka kwafo daga bakinsa.

Ɗan Damargu bai ga ƙarshen shekarar ba. Da yunwar 2005 ta matso, wadda ta fi tsanani a jihohin Maradi da Damagaram da Tawa, gidan da ke riƙe da shi ya kasa, mahaifinsa kuma na bukatar hannu. Bayan hutun watan Maris bencinsa ya zama wofi. Aka ce ya yi kudu cin rani. Bai zauna jarrabawa ba. Malamin ya aika saƙo ƙauyensu sau biyu, bai sami amsa ba. Ya san babu wata kalmar adabi da za ta cika rumbu, bai kuma taɓa ruɗin kansa cewa darasin ran nan ya canza wa yaron wani abu ba. Abin da ya canza yana wajen malamin ne.

Daga baya ya tarar a ƙamus cewa simbol ma Girkanci ce. Asalinta wani ɗan kasko ne ko ƙashi da aminai biyu ke karyawa, kowa ya riƙe rabi. In bayan shekaru su ko ƴaƴansu suka haɗu, sai a gwada gutsattsarin, in sun dace an gane juna. Ya daɗe yana tunanin yadda kalmar da aka yi don gane ɗan'uwa ta zama sunan ƙashin da aka rataya masa don ya yi maganar uwarsa.

Yau matsayin harsuna ya sauya a Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma. Kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Malaman Ingilishi da na Hausa za su ƙara haɗuwa a kan ɗalibi guda. Sai dai akwai tarkon da ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su lura da shi: ana iya cika wani baƙin kaye da kalmomin Hausa zalla, a sa yara su haddace siffantawa da alamtarwa kamar yadda suka haddace metafo da simbol, su ci gwaji, ba su taɓa tsayawa kan ɗango ɗaya na waƙa sun ji abin da yake yi musu ba. Sauya harshen jerin kalmomi ba ya warkar da wannan. Abin da ke warkarwa shi ne a sa shafi gaban yaro, a ba shi lokaci, a kuma yarda cewa na bayan aji na iya ganin abin da malami ya tsallake.

Malamin ya aje alli yanzu. Amma tun daga 2005 har shekararsa ta ƙarshe, duk ranar da za a karanta babi na bakwai sai ya biya ta Kasuwar Dole ya sayo soyayyar fara da yaji, ƙunshe a takarda. A zagaya da ita benci benci, kowa ya ɗiba. Sa'an nan ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin fara ta sauka a gona, ya bar mai magana ya gama maganarsa. Bayan haka a raba shafuka a fara karatu. Baƙin kayen yana kan tebur a rufe, sai saura minti goma a tashi yake buɗe shi.